Yadda ake haɗa bidiyon koyar da sabbin ma'aikata da wayar hannu

Duk wanda ya taɓa riƙe ma'aikata a Katsina, ko a gidan burodi ne, ko a kantin magani, ko a gidan mai, ya san gajiyar da ke cikin maimaita bayani ɗaya ga kowane sabon yaro da aka ɗauka. Yau a koya wa wannan yadda ake awon fulawa, bayan wata uku ya samu wani aiki ya tafi, sai a kawo wani a sake daga farko, kuma wanda ake ɗora wa koyarwar galibi shi ne ma'aikacin da aka fi buƙatar hannunsa a kan aiki. Bidiyon koyarwa yana sauke wani ɓangare na wannan nauyi, kuma haɗa shi ba ya buƙatar kayan masu shirya fim, domin wayar hannu mai kyamara mai kyau ta wadatar.

Abu na farko shi ne a zaɓi aiki guda ɗaya tak ga kowane bidiyo. Kuskuren da masu kamfani suka fi yi shi ne su zauna a ofis su yi jawabin rabin sa'a a kan tarihin kamfanin da ladabi da zuwa aiki a kan lokaci, sannan su kira shi horo. Sabon ma'aikaci yana son ya ga yadda ake sa takarda a na'urar POS, ko yadda ake wanke injin kwaɓi bayan an tashi aiki, kuma kowanne daga cikin waɗannan bidiyonsa daban. Wani bincike da aka fitar a 2014 a kan bidiyoyin darussa na edX, wani dandalin karatu ta intanet a Amurka, ya nuna cewa masu kallo suna fara janye hankalinsu da zarar bidiyo ya wuce minti 6. A ganina ma, ga aikin hannu, minti 3 zuwa 4 ya fi dacewa, kuma idan aikin ya ƙi shiga cikin wannan lokaci, alama ce cewa ayyuka biyu ne aka haɗa wuri ɗaya, sai a raba su.

Kafin a kunna kyamara, a nemi gwanin aikin, a tsaya kusa da shi da biro da takarda, ya yi aikin daga farko har ƙarshe yayin da ake rubuta matakan da ido ya gani. A nan ne ya kamata a daɗe, domin gwani ba ya faɗin duk abin da yake yi, ba don rowa ba, sai don hannunsa ya saba har ya manta cewa wani abu ne da ake koya. Na taɓa tsayawa kan wani dattijon mai kwaɓi a wani gidan burodi da ke wajen Ƙofar Ƙaura, ya lissafa mini matakai bakwai, amma da ya fara aikin sai na ga kafin ya zuba yis yana tsoma bayan yatsunsa a cikin ruwan, ya ɗan jira, sannan ya ƙara ruwan sanyi kaɗan. Da na ce, "Baba, wannan fa?" sai ya yi dariya ya ce ai kowa ya san ruwa mai zafi yana kashe yis. Sabon yaro bai sani ba, kuma ta irin wannan ƙaramin abu ne ake asarar buhun fulawa. Saboda haka duk inda gwani ya taɓa, ko ya shinshina, ko ya dakata, a tambaye shi dalili, a sa amsar cikin bidiyon.

Wajen ɗauka, hannu da kayan aiki ake son gani fiye da fuska. A tsaya a bayan kafaɗar mai aikin, yadda mai kallo zai ga abin kamar shi ne yake yi, damarsa a dama, hagunsa a hagu. Wannan tsayuwa tana da wani amfani a garuruwanmu, domin akwai ma'aikata, musamman mata, da ba sa son fuskarsu ta yawata a wayoyin mutane, kuma ko da fuska ba za ta fito ba, wajibi ne a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi. A kafe wayar a kan abin tsayar da kyamara mai ƙafa uku, in babu a jingina ta da wani abu mai nauyi, saboda hoton da ke rawa yana gajiyar da ido. Haske ya fito daga bayan mai ɗauka, ba daga bayan mai aiki ba, kuma a lokacin hunturu a riƙa goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin ƙura tana sa hoto ya yi dishi-dishi kamar an ɗauke shi cikin hazo.

Murya ta fi hoto wahalar gyara. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai haƙura da bayanin da ƙarar janareta ta danne ba. Akwai ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, ana samun sa a wurin masu sayar da kayan waya, kuma kuɗinsa ba ya kai asarar bidiyo ɗaya da aka sake ɗauka. Idan wurin aikin ba ya rabuwa da ƙara, kamar gidan casar shinkafa, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoton yadda yake, daga baya a shiga ɗaki mai shiru a ɗora bayanin a kai. A yi bayanin da Hausar da ma'aikata suke ji, amma sunan maɓallin da ke jikin na'ura a faɗe shi yadda aka rubuta shi da Turanci, a kuma nuna shi da yatsa, domin shi yaron zai nema da idonsa. Kada a dogara da rubutu a kan hoton, tunda ba duka ma'aikata ne suke karanta boko da sauri ba; duk abin da aka rubuta a kuma faɗe shi da baki.

Idan aikin na kwamfuta ne ko na manhajar waya, kamar shigar da cinikin rana, ba sai an haska allon da wata kyamara ba. Wayoyin Android tun daga Android 11 suna zuwa da hanyar naɗar abin da ke faruwa a allonsu, a kwamfuta kuma akwai manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce. Sai dai a yi amfani da sunaye da lambobi na ƙirƙira wajen gwaji. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ɗora wa kamfanoni alhakin tsare bayanan abokan cinikinsu, kuma bidiyon da lambar asusun wani ko sunan maganin da ya saya suka fito a ciki zai iya jawo wa mai kamfani rigima.

Tacewa ba ta da yawa. Manhaja irin su CapCut ko InShot ta isa a yanke wuraren jira, a maimaita matakin da ke da haɗari a hankali. Kiɗa ba shi da wuri a nan. A fitar da bidiyon a matakin kyan hoto na 720p, wanda ya ishi allon waya kuma ba ya cinye data, sannan a raba shi ta Xender a wurin aiki don kada a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci kuɗin saukewa. Idan ta WhatsApp za a tura, kuma akwai ƙananan rubutu a ciki, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage kyan hoton.

Kafin a raba wa kowa, a ba wani sabon ma'aikaci ya kalla sau ɗaya ko biyu, sannan a ba shi kayan aikin, a koma gefe a kame baki. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, a nan bidiyon ya gaza, sai a sake ɗaukar wannan wurin kaɗai. Aikin da ya shafi wuta, ko gas, ko injin da zai iya kama hannu, ko da yaro ya haddace bidiyon, dole ne ya fara yin sa a gaban babba. A sa wa kowane fayil suna bayyananne tare da wata da shekarar da aka ɗauke shi, kuma ranar da aka canza na'ura ko aka sauya ma'aunin awo, a ɗauki sabo, a bi wayoyin ma'aikata a tabbatar sun goge tsohon.