Ɗan shekara biyu da birgima, ga yadda za ki yi da shi

Ƴan uwa mata wannan maganar taku ce, ku ma iyaye maza ku matso don gidan ba na uwa kaɗai ba ne. Yaro in ya kai shekara biyu sai ki ga kamar an musanya miki shi, komi a'a, kin zuba mishi koko a kofi ja ya ce shuɗin yake so, kin kawo shuɗin ya ture ya zube ƙasa yana birgima yana ihu har maƙwabta su leƙo. Don Allah ki cire ma ranki cewa rashin tarbiyya ne ko baki aka yi mishi. Yaron nan abin da yake so ya yi yawa amma bakinshi bai kai ba, kalmominshi yawanci 50 ne ko fiye da haka kaɗan, yana haɗa biyu biyu irin "Mama ruwa", to ta yaya zai ce miki na gaji kuma zafi ya dame ni? Sannan sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, wanda ke taka ma mutum burki in ranshi ya ɓaci, ba ya gama ƙwari sai an wuce shekara 20. Shi nashi yanzu ya soma.

Ki fara da abin da ke kawo rigimar tun ba ta zo ba. Yawanci yunwa ce ko barci ko zafi. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda har da na rana, to yaron da ke zaune cikin hira har ƙarfe 11 na dare kuma ya tashi da asuba tare da kowa ai dole ya yi rigima. Nan Yamai watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, babba ma ransa a kusa yake balle shi, ki riƙa ba shi ruwa ba sai ya roƙa ba, ki watsa mishi ruwa a jiki kafin barcin rana. Tele da portabul kuma kar su wuce awa 1 a yini ga ɗan shekara biyu, kuma kar ki fizge kwatsam, ki ce in wannan ya ƙare za mu kashe, in ya ƙare ki kashe ɗin da gaske. In za ki sa mishi riga kar ki ce zo ka sa riga, ɗauko biyu ki ce wacce kake so, ya zaɓa, ya ji shi ma an san da shi.

To in birgimar ta riga ta soma fa. Kanki za ki fara kamawa, Annabi SAW ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, kuma zaman nan ya dace ƙwarai don za ki dawo daidai tsawon yaron. Ki duba gefenshi, murhun gawayi, butar shayi, bokitin ruwa, ki janye su ko ki ɗauke shi ki kai kan tabarma. Kar ki yi dogon wa'azi, a lokacin nan ba ya jin komi. Magana kaɗan, murya ƙasa: na gani ka ji haushi, ina nan. Wani yaron yana son a rungume shi ko a goya shi, wani in kin taɓa shi ƙara hawa yake, ke kin san naki. In ya kai miki duka ko cizo ki riƙe hannun ki ce ba a duka, ba tare da kin rama ba.

Wurin da ya fi wuya shi ne gaban mutane. Kina kasuwar Wadata ko butik ɗin unguwa, ya ga alewa kin ce a'a ya kwanta cikin ƙura, nan take wata dattijuwa za ta ce haba ɗiyata ki saya mishi mana dala nawa ce, wani kuma ya ce ki zane shi ya shiga hankalinshi. Ki ce Inna ki yi haƙuri yanzu zai bari, ki ɗauki abinki ki koma gefe cikin inuwa. Don in kin saya yau saboda kunya kin koya mishi cewa birgima ce ke kawo alewa, gobe zai ƙara tsawonta. A'a ɗinki ta zama kaɗan amma in kin faɗa ta tsaya, kuma ku haɗa baki da babanshi da kakarshi, kar ke ki hana a bi ta baya a ba shi.

Duka dai ina roƙonku ku bari, yana sa shiru na ɗan lokaci amma abin da yaron ke koya shi ne mai ƙarfi yana dukan ƙarami, sai ki ga ya je ya gwada kan ƙanenshi. Kar a jijjiga shi. Kuma a daina ce mishi dodo zai kama ka ko za a kai ka a yi maka allura, ranar da rashin lafiya ta zo da gaske ke za ki sha wahalar shigar da shi likita.

Akwai yaran da in kuka ya yi kuka sai su shiɗe, numfashi ya ɗauke, leɓe ya canza launi, jiki ya saki. Abin tsoro ne wallahi amma yawanci ba ya kai minti 1. Ki kwantar da shi ta gefe, kar ki sa mishi komi a baki, kar ki ɗura mishi ruwa. In ya dawo ki kai shi a duba, musamman karon farko, don sau da yawa yana tafiya da ƙarancin jini. In ya wuce minti guda ko jikin na fizga to a tafi da gaggawa.

Lokacin yaye ko in an yi mishi ƙane rigima na ƙaruwa, nono ya tafi, bayan da ake goya shi wani ya hau, ki ware mishi ɗan lokaci nashi shi kaɗai ko da na wanka da wasa ne. Amma yaron da ya canza kwatsam, rigima ba dalili, ba ya cin abinci, jiki da zafi, musamman da damina, ki ɗauki karnenshi na likita ki nufi CSI, wato ƙaramar likitar unguwa, a yi mishi gwajin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, tun 2006 aka sa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati. Haka in ya cika shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu ko ba ya waiwayowa in an kira sunanshi, ki faɗa ma likita a duba kunnenshi.