Yadda za a kafa shirin rigakafin shaye-shaye a makaranta da unguwa a Sakkwato

Tara ɗalibai sau ɗaya a shekara ana tsoratar da su da hotunan mahaukata ba ya hana shan ƙwaya. Yaron da ke ganin ɗan kabu-kabun unguwarsu yana haɗiyar tramol kuma yana aikinsa, zai ɗauka ƙarya aka yi masa. Darasin mako-mako ne ke kama jiki.

A fara da 'yan aji ɗaya da biyu na ƙaramar sakandare, tun ba su ɗanɗana ba. Tsarin Unplugged, wanda UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta taimaka aka shigar makarantun Najeriya, darussa 12 ne, malamin da aka horas ke koyarwa. A raba aji rukuni-rukuni, mutum shida-shida. Ɗaya ya fito a matsayin abokin da ke miƙo gorar lemo mai kodin yana cewa "ashe kai ba namiji ba ne", ɗayan ya gwada ƙin karɓa ba tare da faɗa ba. A yi ta maimaitawa har bakinsa ya saba, domin kunyar abokai ce ke kayar da yawancinsu. Kada a kawo ƙwaya cikin aji ko a faɗi yadda ake haɗa ta, wannan talla ce. 'Yan mata kuma a ware musu zama da malama, sun fi sakin jiki.

A unguwa, ko Mabera ko Runjin Sambo, kwamitin mutum bakwai ya isa: mai unguwa, liman, malamin Islamiyya, uwaye mata biyu, mai kemis da matashi ɗaya da ake jin maganarsa a majalisa. Su sa ido daga la'asar zuwa isha da lokacin dogon hutu, a cike wa yara waɗannan lokutan da ƙwallo da koyon sana'a. Tun 2018 aka hana maganin tari mai kodin, don haka mai sayar da shi a kai rahotonsa ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ba a far masa ba.

Wanda aka kama yana sha, kada a kore shi daga makaranta, hannun dila zai faɗa. A kira iyayensa a keɓe, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Barin tramol kwatsam na kawo ciwon jiki, zufa da rashin barci, shi ya sa likita ke rage masa a hankali. Duka da ɗaurin mari ba sa cire wannan ciwon.