Kurakuran da aka fi yi wajen kai awon hanyoyin cikin gida zuwa BGP

OSPF da EIGRP ka'idoji ne na zaɓen hanyar da bayanai za su bi a cikin cibiyar sadarwa guda, BGP kuma ita ke musayar hanyoyi tsakanin cibiyoyi masu cin gashin kansu, waɗanda ake kira AS. Idan aka juye hanyoyin OSPF ko EIGRP cikin BGP a kan rautar Cisco, na'urar kan ɗauki awon da hanya ke da shi a cikin gida ta mayar da shi lambar MED, wato lambar da ke nuna wa AS maƙwabci ƙofar da aka fi son ya shigo ta cikinta (ƙarama ce ake fifitawa), sannan ta sanya wa asalin hanyar alamar tambaya, wato ba a san cikakken asalinta ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa lambar nan za ta yi iko a waje kamar yadda take yi a ciki. Kafin BGP ta waiwayi MED, ta riga ta duba fifikon gida (local preference) da tsawon jerin AS ɗin da hanyar ta ratsa da asalin hanya, kuma ko ta kai gare ta, ba ta kwatanta lambobi sai hanyoyin sun fito daga AS guda. MED shawara ce kawai ake bai wa maƙwabci, yana iya yin watsi da ita, kuma ba ta tsallakewa zuwa AS na gaba. Wanda ke son maƙwabci ya bi wata ƙofa, sai ya fara daidaitawa da shi.

Inda aka fi shan wahala shi ne haɗa ma'aunai mabambanta. Hanyar da ta ratsa layuka biyu masu megabit 100 awonta 2 ne a OSPF, amma a tsohon lissafin EIGRP 30720 ne. Idan rautar iyaka ɗaya tana juyo OSPF, ɗayar kuma EIGRP, maƙwabci zai ɗauki ƙaramar lamba ko da layin da ke bayanta ya fi cunkoso. Gyaran shi ne a rubuta lambar da hannu ta cikin route-map, wato jerin sharuɗɗan da ake gyara bayanan hanya da su, a kan ma'auni guda. Kunna always-compare-med, umarnin da ke sa a kwatanta MED ko da hanyoyin sun fito daga AS daban-daban, ba tare da wannan ba, a ganina, ƙara wa wuta fetur ne. A kuma tuna cewa Cisco tana ɗaukar hanyar da ba ta da MED a matsayin sifili, wato mafi kyau, sai an sanya missing-as-worst, wanda ke mayar da ita mafi muni.

Wasu kuma kan rasa hanyoyin da OSPF ta samo daga waje gaba ɗaya, domin umarnin juyewa hanyoyin ciki kaɗai yake ɗauka sai an ambaci external 1 da external 2, wato nau'o'in hanyoyin waje biyu.

Akwai kuma rashin natsuwa. Duk lokacin da wani layi na ciki ya faɗi awon ya sauya, BGP kan aika wa maƙwabci sabon sako, sai girgizar cikin gida ta fita waje. Takardar RFC 3345 ta 2002, ɗaya daga cikin takardun fasahar intanet, ta nuna yadda MED kan sa hanya ta riƙa kai-komo ba tsayawa inda ake amfani da masu maimaita hanya (route reflectors), wato rautocin da ke isar da hanyoyin BGP ga sauran rautocin cikin gida. Idan AS da yawa suna hannun hukuma ɗaya kuma ana son awon ciki ya yi aiki da gaske, AIGP, lambar da ke tara awon ciki daga AS zuwa AS, wadda RFC 7311 ya kawo a 2014, ita ce ta dace, domin ana duba ta kafin tsawon jerin AS.