Yadda ake wanke kashin kare daga takalmi

Mai sammakon zuwa gona ko masallacin asuba a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, musamman unguwar da mafarauta ke ajiye karnuka, ba ya rasa taka kashin kare wata rana. Akasari sai mutum ya murza takalmin a ƙasa ya yi gaba. Hakan bai wadatar ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi rangwame a kan kashin jaki da na doki, idan an goge a ƙasa har ya fita, tunda kauce musu a hanya da wuya. Na kare ba ya cikin rangwamen nan, sai an sa ruwa.

Tun daga waje za ka cire takalmin, kada ya ƙetare zaure. Kashin kare yakan ɗauko ƙwan tsutsar ciki da likitoci ke kira Toxocara. Idan ƙwan ya yi sati 2 zuwa 4 a ƙasa, ya isa kama mutum, kuma wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaro mai rarrafe da ke kai ƙasa baki. Wani lokaci har ido tsutsar ke taɓawa.

Samu guntun kara ka kankare abin da ya kankaru, ka jefa karan a masai, ko ka tona rami ka binne. Daga nan ka barbaɗa toka mai sanyi a ƙasan takalmin, ka bari ta tsotse danshin. Toka ta fi yashi, domin tana kashe wari. Da rani ma kana iya kifa takalmin a rana ya bushe tukuna, kashin zai ɓanɓaro da kansa.

Aikin yana cikin zanen ƙasan takalmi. Silifas da ya sha tafiya ya suɗe, ba shi da matsala, amma kambas ɗin 'yan makaranta da takalmin roba na damina, ramukansu ne maɓoyar ƙazanta. Ka bi su layi-layi da tsinke, sannan ka kawo tsohon buroshin haƙori da ruwan omo ka dirje. Kada ka tsoma takalmin cikin bokiti, najasa za ka dama ta game ko'ina. Riƙe shi a karkace, wani ya riƙa zuba maka ruwa da buta yana gangarewa ƙasa. Kuma don Allah a yi nesa da bakin rijiya da gindin tuƙa-tuƙa, inda mata ke dire robobinsu.

Ɗaurayar ƙarshe da tsurar ruwa ake yi. Ruwan da omo ko Dettol ya sauya yana fitar da datti, amma ba ya ɗauke hukuncin najasa, don haka sai ka zuba ruwa zalla har ka ga yana sauka garau. Wasu na cewa sai an wanke sau bakwai. Wancan hukuncin ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki ne, ba na takalmi ba.

Takalmin fata ba ya son jiƙo. Ka tsaya ga ƙasansa da gefen ɗinki, ka shanya a inuwa, in ya bushe ka shafa masa ɗan man kaɗe don kada ya tsattsage. Na roba da kambas kuwa rana suke so. Idan wari bai tafi ba, akwai saura a wani lungu, sai ka koma da tsinke. Buroshin a ajiye shi can bayan gida inda yara ba za su ɗauka ba, kai kuma ka wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce, ka duba bakin wando ko ya shafa.