Yadda ake koyar da ilimin awo a Damagaram ba tare da jiran babban ɗakin gwaji ba

Ɗalibi zai iya gama jami'a ko makarantar koyon sana'a ya hardace duk ma'aunan duniya, amma in ka miƙa masa tef ka ce ya auna ƙofar aji, sai ya karanto maka lamba ɗaya ya yi shiru. Tambaye shi nawa lambar nan za ta iya kauce wa gaskiya, sai a shiga kallon-kallo. Cike wannan giɓi shi ne aikin darasin metroloji, wato ilimin awo. Malamai da yawa suna barin sa a kan allo da hujjar babu kayan aiki. A ganina hujjar ba ta kai ba. Ko a Jami'ar André Salifou kake koyarwa, ko a wata cibiyar horon ma'aikata, kayan zangon karatu guda ba su fi ƙarfin sashenku ba: sikeli mai nuna lamba, tef na ƙarfe, ma'aunin zafi biyu ko uku, ma'aunin kauri irin na makanikai, da akwatin duwatsun awo guda mai takardar shaida.

Ranar farko kada ka taɓa alli. Ka aika Kasuwar Dole a sayo tiya da gero, ka raba ajin biyar-biyar, kowa ya cika tiyar yadda ya ga ana yi a kasuwa, ya juye a roba, ya ɗora a sikeli. Lambobin ba za su zo ɗaya ba, kuma nan take gardama za ta kaure. Wani zai ce wane ya yi tozo da yawa, wata ta ce ai wane ya girgiza kwanon kafin ya ƙara. Ka bar su su yi ta yi, don a cikin gardamar darasin yake. In sun lafa, sai ka sa su rubuta a jimla ɗaya abin da ake aunawa: tiya mai tozo ko shafaffiya, geron bana ko na bara da ya bushe ƙayau, an girgiza ko ba a girgiza ba. Wanda bai fayyace abin da yake aunawa ba, ko sikelin zinariya ka ba shi ba zai fito da amsa mai amfani ba.

Mataki na biyu shi ne lissafin, kuma a nan ya kamata ka daɗe, ko da zai ci mako uku. A ce wani rukuni ya samu giram 2480, 2510, 2530, 2470 da 2510. Matsakaicinsu 2500. Su ɗauki tazarar kowace lamba daga 2500, su ninka ta da kanta, su tara: 400, 100, 900, 900, 100, jimla 2400. Su raba da 4, ba da 5 ba, su samu 600, sannan su nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 600. Wajen 24.5 ke nan. Wannan ita ce warwatsuwar awon, wadda littattafansu na Faransanci ke kira écart-type. Shakkar da ke kan matsakaicin kuwa, wato yawan kaucewar da zai iya yi daga gaskiya, sai an raba 24.5 da 2.24, wato lambar da in ta ninka kanta take ba da 5, a samu giram 11.

Ba a gama ba, domin sikelin ma yana da nasa. In goma-goma yake tsallakawa, ba ya ganin abin da ke tsakanin 2500 da 2510, kuma ana lissafa wannan makantar da raba 10 da 3.46, wato lambar da in ta ninka kanta take ba da 12, a samu 2.9. In takardar sikelin ta ce shakkarsa giram 6 ne bayan an ninka da biyu, sai a mayar da ita 3. Ba a tara su kai-tsaye. Kowace ana ninka ta da kanta, a haɗa, a ciro tushen, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar: wajen 11.7. A ninka da biyu, a rubuta giram 2500, ƙari ko ragin 23. Ninki biyun nan shi ne ake cewa yana ba da tabbacin kusan kashi 95 cikin 100, amma ka gaya musu gaskiya, awo biyar ya yi kaɗan ga wannan alkawari, shi ya sa a aikin gaske ake maimaitawa sau goma ko fiye. Wannan tsari ba na wani malami ba ne. Yana cikin kundin jagoran lissafin shakkar awo da ake kira GUM, wanda ya fito a 1993, kuma da shi ɗakunan gwaji na duniya suke aiki.

Ka sa su yi shi da hannu da kalkuleta sau biyu kafin ka bar su su taɓa kwamfuta. Sannan ka tambaye su: a cikin lambobin uku, 11 da 2.9 da 3, wacce ce ta fi ɓarna? Za su ga da idonsu cewa sayen sikeli mai tsada ba zai gyara komai ba muddin hannun mai cika tiya bai daidaita ba. Injiniyan da ya gane wannan tun yana aji zai hana ma'aikatarsa asarar kuɗi mai yawa.

Daga nan sai tambayar da wani mai kaifin kai zai riga ka yi: shi sikelin, wa ya ce kilonsa kilo ne? Yanzu ne lokacin tarihi, ba ranar farko ba. Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar mita, aka kafa ofishin ma'aunai na duniya, BIPM, a Sèvres kusa da Paris. Daga 1889 kilo wani dunƙulen ƙarfe ne na filatinam da iridiyam da ke kulle a can, har zuwa 20 ga Mayu 2019 da aka ɗaure shi da wata tsayayyiyar lamba ta kimiyya, lambar Planck. Mita kuwa tun 1983 aka ɗaure ta da gudun haske, mita 299 792 458 a daƙiƙa. Tsarin ma'aunai na duniya, SI, da ya tattara su an amince da shi a 1960, ma'aunansa na tushe bakwai ne. Wannan duka darasin awa ɗaya ne. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne salsalar: dutsen awon ajinku an gwada shi da wani da ya fi shi, shi ma da wanda ya fi shi, har a kai tushe, kuma kowane hawa yana da takarda da shakkarsa. Ka buɗe akwatin ka ba su takardar su karanta layi-layi, su nemo ranar gwaji, da lambar akwatin, da ɗakin gwajin da ya sa hannu. Ka nuna musu cewa duwatsun awo suna da matakan inganci: dutsen kilo 1 na matakin M1 an yarda ya kauce da miligiram 50, na matakin F1 kuwa 5 kacal. A Nijar hukumar ANMC ce ke da alhakin ƙa'idojin awo, ita za ka tuntuɓa kan inda za a sake gwada duwatsun. Kuma tun ranar ka kafa doka: ba a ɗaukar dutse da hannu tsirara, ba a barin akwati buɗe cikin ƙurar hunturu, kuma ana kashe fanka kafin a karanta sikeli. Ka kunna ta sau ɗaya su ga yadda lambar ƙarshe take rawa, ba za su sake mantawa ba.

Sai zafi. A wannan fannin Damagaram ta fi Sèvres kayan koyarwa. An yi ittifaki cewa ana faɗin tsawon abu ne a digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40. Ƙarfe yana miƙewa da wajen maikiromita 11.5 (maikiromita 1000 ne milimita ɗaya) a kowace mita, kowane digiri. Tef mai mita 30 da ya kai digiri 42 ya ƙaru da kusan milimita 8, don haka duk abin da aka auna da shi zai fito gajere. Ka buga ƙusoshi biyu a farfajiya, a auna tsakaninsu da sanyin safiya, a bar tef ɗin a rana, a sake aunawa bayan azahar. Man fetur ya fi ƙarfe nuna hali: yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 1000 a kowane digiri, shi ya sa a cinikin mai ake mayar da lissafi kan digiri 15. Tankar lita 30 000 da ta huce da digiri 10 a hanya za ta iso da giɓin kusan lita 300 ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ga garin da ke da matatar mai ta SORAZ a arewacinsa, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20 000 a rana, wannan lissafi hanyar cin abinci ce ga ɗalibanka.

Mataki na gaba, su gwada na'ura da kansu. A daka ƙanƙara lukui, a zuba ruwa kaɗan ya zama kamar kunu, a tsoma ma'aunan zafi: ya kamata su nuna sifiri, in an yi ƙanƙarar da tataccen ruwa irin na batir. Sai tafasasshen ruwa. Za su jira 100, ba za ta zo ba, don garin yana sama da teku da fiye da mita 400, ruwa na tafasa a wajen 98.5. Rabin ajin za su ce ma'aunin ya lalace. Haka kuma lita ɗaya ta ruwa a digiri 30 ba ta cika kilo ba, wajen giram 996 ce, kuma da wannan za su iya tantance kofin awo ko jarka a kan sikeli. Ka raba musu abu biyu da ake yawan cakuɗawa: gwada na'ura a rubuta kaucewarta daban, murɗa ta a gyara daban. Wanda ya murɗa kafin ya rubuta ya shafe shaidar duk awon da aka yi da ita a baya.

Rubuta sakamako ba ya buƙatar dogon darasi, sai dai tsanani wajen maki. Lamba, ma'auninta, shakkarta, zafin ɗaki, na'urar da aka yi aiki da ita, da kwanan wata. Akwai wani tarko namu na bakin iyaka: ɗalibin lakwal yana rubuta kilo biyu da rabi 2,5, takardar da ta zo daga Kano tana rubuta 2.5, kuma 1,500 a can dubu da ɗari biyar ne, a nan ɗaya da rabi. SI ya yarda da waƙafi da ɗigo duka, amma ya ce a raba dubbai da ɗan fili kawai.

In an samu izini, ka fita da su gidan mai da gwangwanin awo na lita 20. Ƙa'idar OIML, ƙungiyar awon doka da aka kafa a 1955, ta yarda famfo ya kauce da rabin kashi ɗaya cikin 100, wato mililita 100 a lita 20. Ka ja musu kunne su je a matsayin masu koyo, ba masu kame ba.

Jarrabawa kuwa, ka rage tambayar hadda. Ka samo dunƙulen ƙarfe mara tsatsa wanda kai kaɗai ka san nauyinsa, ya zagaya rukuni-rukuni, kowa ya kawo lamba da shakkarsa a rufe. Ka ɗauki bambancin amsarsu da taka, ka raba da haɗaɗɗiyar shakkarku ta hanyar nan ta ninkawa da ciro tushe. In bai wuce 1 ba sun ci. Haka ɗakunan gwaji masu bin ƙa'idar ingancin ɗakunan gwaji ta duniya, ISO/IEC 17025, suke gwada junansu. Ka rage maki ga rukunin da ya kumbura shakkarsa don ya tsira, kamar yadda za ka rage wa wanda ya tsuke ta don burga. In kana da abokin aiki a Maraɗi ko Tawa, ka naɗe dunƙulen ka ba direban tasha ya kai masa, nasa ɗaliban su auna, ku haɗa takardun a ƙarshen zango.