Yadda na raba ɗana da lemon kwalba a fida

Ɗana yana shekara ɗaya da rabi na lura haƙoransa na sama sun yi fari-fari kusa da dasashi, can suka koma ruwan ƙasa. Laifina ne. Duk daren da ya tasa rigima sai in tsiyaya masa lemo a fida, ya yi barci da ita a baki. In ana barci yawu yana raguwa, sukarin ya kwana a kan haƙori yana cinsa. Kwalbar Coca-Cola mai 35cl kaɗai tana da sukari kusan cokalin shayi 9, ga kafeyin da ke hana barci.

Ki fara da fidar dare: ruwa zalla. Zai yi kuka, nawa kwana uku ya yi yana jifa da fidar. Ki goya shi, ki daure. Da rana ki riƙa sirka lemon da ruwa, kullum kina ƙara ruwan, kuma a kofi za ki ba shi, har ya daina nema. In ya so zaƙi, ga ayaba, gwanda ko kankana.

Wahalar tana wajen kakanni. Surukata sai da na nuna mata haƙoran na ce, "Hajiya, don Allah a bar ba shi," sannan ta yarda.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai. Haƙoran da suka riga suka taɓu kuwa, ki kai shi wajen likitan haƙori.