Kyamarar fim mai dogon hoto a Zariya: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Kyamarar Hasselblad XPan ta fito a 1998. Kamfanin Fujifilm na Japan ne ya ƙera ta, ya kuma sayar da irinta da sunan TX-1, sannan a 2003 aka fitar da XPan II. Fim ɗin da take ci shi ne ɗan 35mm da kowa ya sani, sai dai maimakon hoto mai tsawon milimita 36 daga hagu zuwa dama, ita tana kai shi 65, daga sama zuwa ƙasa kuma yana nan a 24. Hoton yakan fito dogo siriri kamar rawanin da aka warware. Fim mai hoto 36 ba ya wuce 21 a cikinta, ga shi fim ya yi tsada, masu wanke shi sun yi ƙaranci. Don haka duk kuskure ɗaya kuɗi ne, wani lokacin ma hawan Sallah guda ne ya wuce sai baɗi.

Tun wajen sa fim ake fara tuntuɓe. Da ka rufe murfin baya, injin zai yi ta ƙara na ɗan lokaci, yana janye fim ɗin kaf daga gwangwaninsa zuwa ɗaya gefen. Baƙon kyamarar sai ya zaci ta lalace, ya buɗe ya duba, haske ya cinye fim ɗin baki ɗaya. Haka aka ƙera ta: kowane hoto da ka ɗauka gwangwani yake komawa, shi ya sa lambar da ke nuna saura take raguwa maimakon ƙaruwa. Ka bar ta ta gama ƙararta. Sai murfin gilashi. Tagar da kake leƙawa daban take da gilashin da ke ɗaukar hoton, saboda haka za ka ga komai tas ko da murfin na rufe. Ka saba cire shi ka jefa aljihu tun kafin ka fito daga zaure.

Babban kuskuren, wanda ya fi cin fim ɗin mutane, shi ne ja da baya. Mutum ya ji an ce kyamarar faɗi ce, sai ya tafi can nesa ya tsaya don ya kwashe komai. Ya je Kufena, ya tsaya a bakin hanya, ya danna. Abin da zai dawo masa shi ne dutse ɗan ƙarami a tsakiya, fili fetal a hagu, fili fetal a dama. Gilashin 45mm, wanda aka fi samun kyamarar da shi, yana ɗibar kusan digiri 71 daga gefe zuwa gefe, amma daga sama zuwa ƙasa bai fi abin da gilashin yau da kullum ke ɗiba ba. Ke nan ba ya ƙanƙantar da abu don ya shiga, gefe biyu kawai ya ƙara maka. Idan ba ka da abin sa wa a gefunan nan, ba ka da hoto.

Gyaran shi ne ka matsa kusa, kusa fiye da yadda ranka ke so. A ce kana Ƙofar Doka da hantsi. Kada ka sa ƙofar a tsakiya ka tsaya tsallaken titi. Ka tsaya taku uku daga mai rake, ka sa shi a ƙarshen hagu da wuƙarsa a hannu da tarin ɓawo a ƙafarsa, ƙofar ta zauna daga tsakiya zuwa dama, sannan ka jira. Ɗan acaɓa zai shigo, 'yan makaranta za su gifta, wani dattijo zai turo kekensa. Lokacin da gefen dama ya sami wanda zai amsa wa mai rake, lokacin ake dannawa. A ganina wannan jiran shi ne aikin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da wayar hannu ta kashe mana, don a waya danna goma ba ya cin ko sisi. Kafin ka danna, ka kai idonka ƙarshen hagu, ka kai shi ƙarshen dama. A can ne rabin mota da guntun hannu da turken wuta suke maƙalewa, tun da ido ya saba kallon tsakiya kaɗai.

Wannan faɗin yana da wani nauyi da ba na fasaha ba. Wanda ke tsaye a gefe yana ganin ka fuskanci wani wuri, bai san ya shiga ba. A cikin birni, inda matan aure ke fitowa daga lungu, inda ƙofar gida ke buɗe, ba daidai ba ne ka kwashi mutum bai sani ba don kawai kyamararka ta iya. Ka yi sallama, ka ce, "Baba, zan ɗauki layin nan, har da rumfarku za ta fito, in ba damuwa." Yawanci za a ce bisimilla, wani ma ya gyara hularsa. In an ce a'a, ka sauke. A ƙofar fadar Zazzau kuwa, fara gaida dogarai da neman izini ya fi ɗaga kyamara kai tsaye.

Sai karkata. A ƙaramin hoto ba a cika lura da ita ba, amma a milimita 65, karkatar digiri ɗaya tak tana sauke gefe guda da fiye da milimita ɗaya a jikin fim, in aka buga shi babba kuwa sai ka ga ruwan dam ɗin Kubanni yana gangara gefe. Akwai ɗan ma'auni mai ƙwayar iska a cikin ruwa, irin na magina, da ake maƙala wa a saman kyamara. Ka yi amfani da shi, musamman in ka ɗora ta a kan ƙafa uku. Ɗaga hancin kyamara sama ma matsala ce. Ka tsaya gaban dogon ginin majalisar jami'a a Samaru, ka ɗaga don ka sami ƙololuwa, bangayen za su rusuno wa juna. Ita wannan kyamarar gilashinta ba ya juyawa kamar na kyamarorin Widelux ko Horizon, don haka miƙaƙƙen layi miƙaƙƙe yake fitowa muddin ka riƙe ta daidai. In saman gini bai shiga ba, ka hau wuri mai tudu, ko ka haƙura da saman, ko ka juya ta a tsaye, wanda mutane ke mantawa ana iya yi.

Wajen saiti, wato daidaita gilashi don hoto ya fito tas, ɗan tabon nan mai haske da ke tsakiyar taga shi ne ma'aunin nisa: abu yakan rabu biyu a cikinsa, ka murɗa gilashi har biyun su haɗe. Ka nemi layin da ke tsaye, kamar mashin mahayi, gefen ƙyaure, ko bakin rawani. Zanen bango mai maimaita kansa yakan ruɗi ido, ka haɗa wani zane da maƙwabcinsa kana zaton ka dace. Kuskuren da ya fi wannan ɓuya shi ne saitawa a tsakiya sannan a juya kyamara don mutumin ya koma gefe. Idan yana nisan mita 2, ka juya digiri 30, saitin ya koma bayansa da kusan santimita 27, kuma a f/4, wato gilashi a buɗe sosai, fuskarsa za ta fito dishi-dishi. Ka rage buɗin gilashi zuwa f/8, ko kuwa maimakon juyawa ka gusa da ƙafarka gefe. Kada ka matsa ƙasa da santimita 70 da gilashin 45mm, ko ƙasa da mita 1 da na 90mm, ba sa saituwa a nan.

Hasken Zariya yana yaudarar ma'aunin haske ta hanya biyu da na fi gani. Da hunturu, hazo yakan mayar da sama fari fat, ma'aunin ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskokin mutane su fito baƙi ƙirin ba ido ba hanci. Haka ma a filin Idi, inda fararen manyan riguna suka cika wuri. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka ƙara haske mataki ɗaya, wato ka ninka shi, wani lokacin ɗaya da rabi, ko ka auna daga ƙasa ba tare da sama ba sannan ka sa saurin da hannu. Fim irin Portra 400 ko HP5 Plus yana jure ƙarin haske sosai, ƙarancinsa ne ba ya yafewa. Velvia 50 kuwa ba ta yafe ko ɗaya, kuma a dogon hoto sau da yawa gefe ɗaya na rana ɗaya na inuwa, saboda haka ban ga dalilin da mai koyo zai fara da ita ba.

A XPan ta farko saurin ɗauka ba ya bayyana a cikin taga, sai a ɗan allon da ke bayan kyamara. Mai ɗauka yana barin ta ta zaɓa da kanta, la'asar ta yi sanyi, sauri ya sauka zuwa 1/30 na daƙiƙa bai sani ba, dawakan hawan Daushe su zama inuwa. Doki a guje yana son 1/500 ko 1/1000, wanda shi ne iyakar kyamarar. Gilasanta kuma ba masu buɗewa da yawa ba ne, f/4 ne ƙarshen 45mm da 90mm, don haka ranar hawa fim mai lamba 400, mai saurin karɓar haske, za ka sa. Da tsakar rana abin yakan juye: da fim 400 kana wajen f/16 da 1/500, ba halin buɗe gilashi sosai, sai in ka koma fim mai lamba 100.

Duhun gefe ma akwai shi. Gilashin 30mm f/5.6 ba a raba shi da filtarsa mai duhu a tsakiya, wadda ke daidaita hasken tsakiya da na gefe, ita kuwa tana cin haske. Ga 45mm, rage buɗi zuwa f/8 ko f/11 yakan isa in fim ɗin negatif ne, irin Portra ko HP5.

Kyamarar nan ba ta motsi sai da batir, CR2 guda biyu, kuma ba kowane kanti ke da su ba, ka nemi na ajiya tun kafin Sallah ta matso. Ƙurar hunturu in ta shiga ciki, ƙwayar yashi ɗaya tana iya jan layi a fim tun daga hoton farko har na ƙarshe. Ka sauya fim a cikin ɗaki ko cikin mota a rufe, ka hure ƙura da robar hura iska, kada ka goge gilashi da bakin riga. Kada ka bar ta a gaban mota da zafin bazara, zafi yana ɓata launin fim. Wanda ka ajiye a firji, ka bar shi ya huce a cikin robarsa kafin ka buɗe, don kada ya yi gumi. Da damina ka fitar da ita daga jaka ta sha iska, gudun fumfuna a gilashi. An daina ƙera ta tun tuni, kayan gyaranta suna wuyar samu.

Kuskuren da ya fi ciwo ba a hannunka yake faruwa ba, a wajen wanki ne. Mai wanki ya saba yanka fim bisa tsawon ƙaramin hoto, injin sikan ɗinsa, mai mayar da fim hoton kwamfuta, shi ma haka, saboda haka almakashi yakan bi ta tsakiyar hotonka. Ka rubuta a jikin gwangwani da manyan baƙaƙe cewa kada a yanka, ka kuma faɗa da baki ko ta waya in aikawa ka yi. Kyamarar tana bari ka sauya tsakanin dogon hoto da ƙarami a fim ɗaya, amma cakuɗa su yana ƙara rikita mai sikan, gara ka tsaya a kan guda. In fim ya dawo a naɗe, ka yanka da kanka uku-uku, za su shiga ledar ajiya da ake sa ƙananan hotuna shida. Wajen sikan kuma, ko dai na'ura mai shimfiɗa da ke karɓar babban fim, ko ka ɗora negatif a kan farin haske ka ɗauke shi da kyamarar zamani rabi-rabi, ka haɗa a kwamfuta.